Ranar da Yaya Balki Ta Ajiye Kayan Gola

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen watan Fabrairu, saura sati biyu in cika shekara sha biyu. Na fito daga ɗakin canja kaya da jakata a kafaɗa, yatsun ƙafata sun mutu don sanyi, sai na tarar yara da iyaye sun yi cincirindo a gaban allon sanarwa. Koci ya liƙa takardar labaran ƙungiya ta ƙarshen kakar wasa, wadda a cikinta ake faɗin wanda aka ƙara wa matsayi da wanda zai maimaita. Na kutsa ta ƙarƙashin hammatar wani mutum ina neman sunana a jerin babban rukuni, don ni a raina an riga an gama magana. Ban gan shi ba. Na sake bi da yatsa tun daga sama, babu. Can ƙasa na tsinto shi cikin 'yan tsakiya, inda na riga na shekara biyu, an rubuta a gefensa cewa Nura yana da himma amma har yanzu bai iya gudu da baya ba. Da na ɗaga kai kuma sai na yi ido huɗu da hoton yayata Balkisu, ya cinye rabin shafi, tana durƙushe a bakin raga cikin kayan gola. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa an zaɓe ta zuwa sansanin horo na bazara, kuma wata makarantar kwana can arewacin jiharmu ta ba ta gurbin karatu don ta je ta tsare musu raga. Wata mata ta dafa kafaɗata tana cewa lallai yau ina alfahari da 'yar'uwata, ban ko kalle ta ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, ni na kawo wasan hokin ƙanƙara gidanmu. Ita rakiya kawai ta yo.

A hawa na tara muka tashi, a wani dogon bene a unguwar Bronx kusa da babban titin Concourse. Baba mutumin Zariya ne, direban tasi. Mama kuma tana kitso a wani shago a Harlem tare da matan Mali da na Senegal, takan dawo yatsunta a kumbure ta tsoma su a ruwan ɗumi kafin ta ɗora tukunya. Ɗaki biyu ne da falo, da hita ta ɗumama ɗaki mai ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, da taga ɗaya da muke hango jirgin ƙasa ta cikinta. In ka fito daga lif, hanci kaɗai zai gaya maka wa ke girki: daddawa daga ƙofarmu, yajin mutanen Gana daga ƙofar da ke kallonmu, turaren wuta daga wajen wata Hajiya 'yar Maraɗi a ƙarshen layi. Aikin Yaya Balki wanke-wanke ne da sauke kayan wanki zuwa injinan da ke ƙasan bene, nawa kuma shara da kai leda bola. Ranar Lahadi mu tafi Islamiyya a wani masallaci da ke saman shagon sayar da waya. Ni da ita Turanci muke yi a tsakaninmu, iyayenmu su yi mana Hausa mu mayar musu da Turanci, sai in Baba ya haɗe gira mu gyara baki.

Ina aji uku makarantarmu ta kai mu wani filin ƙanƙara a Harlem, fili ne a sarari babu rufi. Aka ɗaura mana takalma masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, na sha faɗuwa har na daina jin zafi. Muna shirin tafiya sai wasu yara suka shigo da hulunan kwano da sanduna masu lanƙwasa, suna korar wani baƙin faifan roba mai tauri kamar dutse, in sun tsaya cak sai garin ƙanƙara ya yi feshi daga ƙafafunsu. Tun daga ranar na addabi gidanmu. Na mai da sandar mofa abin wasa, murfin gwangwanin madara ya zama faifai, in sa safa in riƙa sulɓi a baranda daga ƙofarmu har ƙofar Hajiya, ita kuma ta leƙo ta ce wannan yaro zai fasa mata kai. Da na ji cewa ƙungiyar yaran unguwa ce, kuma suna ba da aron kaya, sai na kawo takardar shiga na ajiye wa Mama a kan filo. Matsalar ita ce ana horo ranar Laraba bayan makaranta da Asabar da safe, Asabar kuwa ita ce ranar da shagon kitso yake cika, Baba kuma yana kan titi. Da na ishe ta da naci sai ta sa hannu, ta kafa sharaɗi ɗaya: "Ƙafarka ƙafar Balkisu. Ran da ba ta je ba, kai ma kana gida." Ina da shekara takwas a lokacin, Yaya tana da sha ɗaya.

Haka muka yi sanyin farko. Mu ɗauki jaka ɗaya mu biyu, kowa ya kama hannu guda, mu gangara tasha mu shiga jirgi. Ita take ɗaure mini igiyar takalmi don hannuna ba ya iya ja ta yi tauri, sannan ta koma kan wani bencin ƙarfe a bakin fili ta buɗe littafi, hannayenta a cikin hannun riga, iska tana kaɗa mata shafi. Awa biyu take yi a haka. Ban taɓa waiwayawa na ga ko tana nan ba, don na san tana nan. Kafin ƙarshen Janairu tari ya kama ta, irin mai fitowa daga can cikin ƙirji, ya ƙi tafiya har sati uku. Wata safiya Mama tana shafa mata man zafi a baya ta juyo ta dube ni ta ce, "An gama. Ba zan kashe 'yata a kan wasan sanda ba. Asabar ɗin nan ku je ku mayar musu da kayansu." Na yi kuka har na shiɗe, na ƙi cin abinci, babu wanda ya kula ni. Asabar ta zo muka tafi, na shiga fili da niyyar yin wasan bankwana, sai na ga wani guntun gola a bakin raga, kayan sun yi masa yawa, yana tafiya kamar agwagwa. Rukunin 'yan koyo ba mu da gola tsayayye, karɓa-karɓa muke yi kowa yana gudun abin. Sai da na matsa kusa na gane idanun da ke cikin wayar hular, na Yaya ne. Ranar da ƙyar take iya tsayuwa a kan takalmin, amma duk abin da muka buga sai ya same ta a gabansa. Da muka koma gida ta shaida wa Mama cewa an sa ta a ƙungiya, kuma a cikin kayan nan gumi ake yi ba sanyi ba. Baba ya yi dariya har da tafi. Mama ta dube ta ta ce tunda dai ba zaman daskarewa za ta riƙa yi ba, to, a je a gani.

Koci wani dattijon Bature ne, tsohon ɗan kwana-kwana, haƙoransa biyu na gaba na roba ne, yakan cire su ya sa a aljihu kafin ya shiga fili. Shi yake rubuta takardar labaran da kansa kowane wata, shafi biyu, sakamakon wasanni a gaba, a baya kuma layi ɗaya ko biyu a kan ci gaban kowane yaro. Nawa layin bai cika canjawa ba. Nura ya riƙa lanƙwasa gwiwa. Nura ya riƙa ɗaga kai ya daina kallon ƙafarsa. Na Yaya kuwa kullum ƙara tsawo yake yi. Cikin shekara biyu ta tsallake rukunina ta koma tsaron raga wa manyan yara maza, masu bugun da in ya sami katangar fili sai ka ji ƙarar har tashar bas. Na sha jin Koci yana gaya wa iyaye, "Yarinyar nan tana ganin faifan tun kafin a buga shi." Baba ya riƙa tara takardun yana ajiyewa a aljihun mota, duk fasinjan da ya yi kuskuren tambayarsa iyali sai ya sha labari. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ita ko a jikinta. Ba ta kallon wasan a talabijin, ba ta san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, in an ci nasara yara suka ruga suka rufe ta da murna sai ta tsaya kamar gunki har su gama. Kafin kowane wasa kuma sai ta shige banɗaki ta daɗe, in tsaya a ƙofa ina buga ƙafa, a zatona hijabinta take gyarawa a ƙarƙashin hula. Duk wannan na ɗauke shi girman kai ne na wanda abu ya zo wa a sauƙaƙe.

Ranar da labarin makarantar ya fito, daga fili har gida ban kula Yaya ba. Baba ya dawo da wuri, ya buga waya Zariya ya gaya wa kakarmu, ita kuma ta yi ta tambaya wai ƙanƙarar da ake sawa a zoɓo ce ake wasa a kai. Mama ta soya waina, maƙwabta suka shigo barka, Hajiya ta kawo wa Yaya turmin atamfa. Da la'asar aka tura ni in taya ta wanke-wanke, tana wankewa ina gogewa. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce mata wasana ne ta sace, ita ba ta ma son sa, amma ta shigo ta kwashe komai, yanzu ko a fili ba a kirana Nura sai ƙanen gola. Na ce da ma tarin nan ya hana ta fita tun farko. Hannunta ya tsaya a cikin kumfa. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ɗauraye kwanon da ke hannunta ta miƙo mini. Na karɓa na goge, muka ƙarasa aikin.

Na cika sha biyu ranar wata Alhamis. Washegari bayan makaranta Mama ta bugo waya gida ta ce in ɗauko mata ƙullin zaren kitso da ta manta in kai mata shago, ni kaɗai. Ban taɓa shiga jirgi ni kaɗai ba, kullum tare da Yaya. Na je, na sauka a tashar da ta dace, na tsallaka titi sai da fitila ta ba ni hannu, ashe Mama tana leƙena ta gilashin shago. Ta karɓi ƙullin ta ce wa abokan aikinta ɗanta ya girma, sannan ta ce mini daga yau ina iya zuwa filin wasa da ƙafata. Na dawo ina tsalle na gaya wa Yaya. Ta ɗago daga littafinta ta ce, "Da bakinta ta faɗa?" Na ce da bakinta. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da karatu.

Asabar ɗin da ta biyo ita ce ranar sa hannu. Baba ya sa shaddarsa ta Juma'a ya ɗora kwat a kai, ya tafi da Yaya, ya haɗa da ni don in fassara masa in Turancin takardun ya yi nauyi. Ofishin Koci ɗan ƙurmusun ɗaki ne mai warin roba da kofi, ga wata mata daga makarantar ta baje hotunan gine-gine da filaye a kan tebur. Ta gama bayani ta tura biro gaban Baba. A lokacin Yaya ta miƙe, ta jawo ƙatuwar jakar kayan gola daga bakin ƙofa, ta ajiye ta a gaban teburin Koci, ta ɗora sandar a kai. Ta ce ta gode, amma ba za ta je ba, kuma ta daina wasa daga yau. A natse ta faɗa, kamar mai karanta jerin cefane. Biron ya tsaya a hannun Baba, ya juyo gare ni ya ce, "Me ta ce?" alhali ya ji sarai. Na kasa fassarawa. Koci ya cire tabarau ya tambaye ta ko wani ne ya yi mata wani abu, ko akwai yaron da ya gaya mata magana. Na tabbata yanzu za ta nuna ni. Ta ce babu kowa. Ta roƙi Baba gafara da Hausa, ta buɗe ƙofa ta fita.

Baba ya ce in bi ta. Na same ta a waje, zaune a kan matakalar da ke gangarawa titi, da hantsi, tana kallon motoci. Tun kafin in zauna na fara rantsuwa cewa maganar da na yi a kicin ba har zuciyata ba ce, ta koma ta sa hannu, ni ban damu ba. Da Hausa ta amsa mini, abin da ba ta taɓa yi ba in mu biyu ne.

"Nura, ka san abin da nake yi a banɗaki kafin wasa?"

Na ce hijabi take gyarawa.

"Amai nake yi. Kowane wasa, shekara huɗu."

Ta ja wuyan rigarta gefe, na ga ƙashin kafaɗarta ya yi shuɗi da ruwan ɗorawa, tsohon tabo a ƙarƙashin sabo. Ta ce tun ranar farko tsoron faifan nan take ji, kuma tsoron bai taɓa raguwa ba, ƙaruwa ya yi da yaran suka ƙara ƙarfi. "Koci yana cewa ina ganinsa kafin a buga. To ba dole ba? Idona ba ya barin kansa ko na daƙiƙa ɗaya, don na san zai iya fasa mini fuska." Na tambaye ta to me ya sa ta yarda da Koci ya sa ta. Ta ce ba Koci ne ya sa ta ba, ita ta je ta same shi ranar da aka aike mu mayar da kaya, ta tambaye shi wane gurbi ne babu mai so. "Na ga irin kukan da ka yi. Na san in ina wasa Mama za ta bar mu. In na ce ba na so kuma, duk mu biyu za mu zauna gida. Sai na ce bari in jira ka girma."

Na zauna a kan simintin nan mai sanyi.  Ita ce ma ta miƙe ta kaɗe bayan rigarta, ta ce in tashi kada in makara, rukuninmu sun kusa shiga fili.

Gidanmu bai koma daidai ba sai bayan wata guda. Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce ba wasan yake ji ba, makarantar yake ji, irin wannan ƙofa ba kullum take buɗe wa ɗan baƙo ba. Yaya ta ce ta sani, amma shekara huɗu aka ce za ta ƙara a bakin raga, ita kuwa ko wata huɗu ba za ta iya ba. Ni na gaya wa Mama gaskiyar abin, muna ninke kaya a ɗakin wanki. Ta saki zanin da ke hannunta ta zauna a kan kwando, ta yi ta maimaita salati. Da muka hau sama ta kira Yaya ɗaki ta rufe ƙofa, ta sa ta cire riga. Da Mama ta fito idanunta jawur, ta ce wa Baba maganar makaranta ta mutu, kada wanda ya sake tayar da ita. Koci ya zo har gida sau ɗaya, ya sha shayi, ya ce shekara talatin yana koyar da yara bai taɓa kuskuren karanta fuska irin wannan ba. A takardar wata mai zuwa ya rubuta layi ɗaya tak, cewa Balkisu ta ajiye wasa, ƙungiya tana gode mata, kuma ana neman gola.

Ni na ci gaba. Sai a shekara ta biyu bayan nan na iya gudu da baya yadda Koci yake so, aka ɗaga ni zuwa babban rukuni, na buga har na gama sakandare. Ban taɓa zama gwani ba, hotona bai taɓa cin ko kwatan shafi ba, amma babu ranar da na shiga filin nan ban ji daɗi ba. Yaya ta yi makarantar unguwa mai cunkoso, ta sha wuya kafin ta sami jami'a, kuma har Baba ya koma Zariya da zama bai daina cewa da ta sa hannu da abin ya zo mata da sauƙi ba. Wataƙila gaskiyarsa ne.

Yanzu tana birnin Houston tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, da 'ya'ya uku, ni kuma ina unguwar Queens ina aiki a filin jirgin sama. Yaran da nake gani yau iyayensu ne ke kawo su wasa a mota, labarin ci gabansu kuma a waya yake zuwa, kowa ya karanta nasa shi kaɗai. Benen namu yana nan, amma ban san kowa a hawa na tara ba. Nakan yi kewar lokacin da duk duniyata ba ta wuce tasha biyar ba, kuma akwai wadda ta san hanya. Muna waya duk Lahadi, mu yi hirar yara da ciwon ƙafar Mama da zafin garinsu. Sau biyu na ɗauko zancen da niyyar yin godiya kamar yadda ya kamata, duka biyun ta yi dariya ta ce abin yara ne, ta tambaye ni ko na ci abinci. Har yau ban san yadda ake gode wa mutum a kan shekara huɗu na tsoro ba.